Haliru Sakatare da Uwar Kwamfutoci

A Gwandu in ka ce kana neman Haliru, sai an tambaye ka wanne. Amma in ka ce Haliru Sakatare, ko mai tallan fura za ta nuna maka ƙofar gidansa da leɓe, ta kuma gargaɗe ka kada ka yarda ya fara ba ka labari. Shekara goma sha ɗaya yana sakataren ƙungiyar manoman fadama, kuma duk abin da yake ƙauna a muƙamin nan bai wuce hatimi ba. Ɗan hatimin roba ne mai mariƙin katako, ya sa baduku ya ɗinka masa jaka, yana rataye da shi a wuya ƙarƙashin riga. In zai buga, sai ya gyara zama, ya hura masa iska sau biyu, ya dube ka don ya tabbata kana kallo, sannan ya sauke. Ya buga wa katin ɗaurin aure, ya buga wa sirdin babur ɗinsa, ran nan matarsa Jummai ta tarar har murfin tukunyarta ya sha hatimi. Shi ne kuma ya matsa aka kafa doka cewa takardar da ba hatimi ba takarda ba ce, kuma ba mai bugawa sai sakatare.

Ana nan sai saƙo ya zo daga ofishin da ke raba irin shinkafa, cewa bana ba a karɓar sunaye da rubutun hannu, sai waɗanda aka fitar daga kwamfuta. Shugaban ƙungiya, Alhaji Umar Faruk, mutum ne mai son farin kaya da gajeren zance. Ya tara manoma gindin darbejiya ya ce, "Wanda duk yaf fiddo muna sunayen ga daga kwamfuta nan da Alhamis ta sama, shi na sakatare. Na gama."

Sai Mujtaba, wani manomin albasa daga Maruda da ya taɓa aikin ofis a Birnin Kebbi, ya zuge jakarsa ya zaro wata 'yar kwamfuta siririya ya ɗora a cinya. Hannun Haliru ya kai ƙirji ya dafe jakar hatimi. Amma bakinsa bai san tsoro ba.

"Mi na wanga, Mujtaba? Faifan rufe ƙwarya?"

"Kwamfuta ta, Sakatare."

"Kilo nawa ta?"

"Ban auna ba. Ba ta dai wuce biyu."

"Biyu! Jama'a kun ji? Mutum ɗari biyu da sha huɗu da gonakinsu za a zuba cikin kilo biyu? Yo ko Alhaji shi kaɗai ba shi shiga!"

Alhaji Umar Faruk ya dubi tumbinsa, ya dubi Haliru, bai yi dariya ba.

"Ku ba ni kwana goma," in ji Haliru, yana kaɗa yatsa. "Uwar kwamfutoci zan kawo muku, wadda tah haifi wagga."

Gaskiyar magana, Haliru bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Abin da ya sani injin ban ruwa ne, shekara ashirin yana kwance shi yana ɗaurawa, kuma a wurinsa inji duk inji ne: babba ya fi ƙarami, mai ƙara ya fi mai shiru.

Washegari ya hau mota sai Kalgo, wurin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ake kira Abdulgani. Can bayan tarin rim ɗin tayoyin mota da matattun firji ya hango ta. Baƙa ce wuluk, ta fi shi tsayi, tana da ƙofa ta gaba, bayanta kuma fankoki shida a jere. Abdulgani ya ce a gwanjon wani ofis ya samo ta, kuma ya ji an ce kamfanin da ya ƙera ta na cikin manya a duniya.

"Tana aiki?"

"Malam, ni da kilo nika saye, da kilo nika saidawa. Aiki ba ruwana."

"To kilo nawa ta?"

"Ɗari uku da arba'in."

Haliru ya rufe ido ya yi lissafi, ya ga ta ninka ta Mujtaba sau ɗari da saba'in, ya ji wani sanyi ya sauka a zuciyarsa. Aka yi ciniki nan take.

A bayan ƙofarta ya tarar da wani tsohon littafi na Turanci mai hotuna. Ya kai wa ƙanwarsa Rumaisa, wadda ke aure a Kalgo kuma tana da shagon buga takardu a bakin hanya. Ta karkaɗe ƙurar ta ce tarihin kamfanin ne. Ta fara fassara masa: kamfanin ya haura shekara ɗari, da ma'auni ya fara, sai agogon da ke nuna lokacin da ma'aikaci ya iso wurin aiki, sai wata na'ura da ke karanta kati. A huda katin, na'urar ta lalubi hujin, ta gane bayanin mutum, har ƙidayar jama'a an yi da ita.

"Tsaya nan!" Haliru ya miƙe tsaye. "Kati? Huji? Shi ke nan, na gane."

"Yaya, shafi na huɗu muke. Littafin ga shafi sittin na."

"Sauran na masu koyo na."

"Don Allah kawo sunayen in buga maka nan shago. Kafin la'asar na gama."

"Ke Rumaisa, ni na goya ki. Ba ki koya min inji."

Ya fice ya bar mata littafin a kan tebur, tana kira yana ɗaga hannu.

Ƙatti takwas suka ɗora ta a bayan a-kori-kurar da ke ɗaukar albasa. Taya ta fashe kafin Birnin Kebbi, ta sake fashewa a Kambaza. A duk inda aka tsaya Haliru sai ya hau bayan motar ya yi wa mutane tarihi. A tsayuwar farko kamfanin shekara ɗari ne. A Kambaza ya kai ɗari uku, kuma mai kamfanin ya taɓa zuwa cin kasuwar Jega, a nan ya ga ma'aunin hatsi ya koma gida ya kwaikwaya. Da suka shigo Gwandu, kakan Haliru ne ya ba shi masauki.

Aka sauke ta a ƙofar gida, unguwa ta fito kallo. Haliru ya ce a shigar da ita ta zaure, fuskarta na duban cikin gida. Aka tura, ta shiga rabi, ta tsaya. Aka tura da ƙarfi, ƙasa ta zubo daga saman ƙofa. Aka ce to a jawo ta baya, ta ƙi. Nan ta cije a bakin zaure, ba gaba ba baya, fankokinta shida na kallon titi, Haliru a waje, Jummai a ciki.

"Malam!" muryar Jummai ta fito ta saman katanga. "Mi ka toshe muna gida da shi?"

"Ci gaba na, Jummai!"

"To ce ma ci gaban shi matsa, gidan suna za ni."

Ranar da tsani Jummai ta je gidan suna, ta katangar maƙwabciyarsu Inna Hassana, wata dattijuwa mai noman albasa wadda bakinta ya fi albasarta yaji. Inna Hassana ta riƙe tsanin tana cewa, "Sauko a hankali, ɗiyata. Ni na ga mai ajiye ɓarawo waje, ban taɓa ganin mai ajiye kainai waje ba sai mijinki." Daga ranar duk mai shiga gidan Sakatare, har shi Sakataren, sai ya yi wa Inna Hassana sallama ya hau tsani, ita kuwa ba ta bari ya wuce ba tare da ta yanka masa magana ba.

Haliru bai karaya ba. Ya ce da ma babbar kwamfuta a ƙofa ake ajiye ta, don ta sha iska. Ya aro janareta wurin mai cajin waya, ya sa mai gyaran rediyo ya haɗa masa wayoyi, aka tayar. Fitilu kore suka yi ƙyaf-ƙyaf, fankokin suka ɗauki wani irin kuka mai tsini, awakin unguwa suka tsinke igiya. Haliru ya kara kunne, ya gyaɗa kai irin na gwanaye.

"Ƙishin mai taka ji. Sun bar ta shekaru ba sabis, marasa imani."

Ya kashe, ya ɗauko galan ɗin baƙin man da yake zuba wa injin ban ruwa, ya ɗura wa kowace fanka rabonta, ya ƙara wa ta ƙasa don ita ta fi kuka. Da ya taɓa jikinta ya ji ɗumi, sai ya tuna yadda Jummai ke sanyaya randa. Ya jiƙa buhunan algarara uku ya cusa mata ta sama.

Wani maƙwabci ya tambaya ina gilashin da ake gani a ciki, irin na ta Mujtaba. Haliru ya ce manya ba su zuwa da gilashi, saye ake yi daban. Ya haura tsani ya sauko da talabijin ɗin Jummai, ya ɗora a kan turmi a gefen ƙofa. Babu wata waya tata da ta shiga jikin kwamfutar, sai ya ɗaure su da igiyar guga don su san juna.

Saura babban aiki. Ya zagaya Gwandu da Dalijan da Maruda a kan babur, yana karɓar katin ƙungiya na kowane manomi, wai za a sa su a kwamfuta. Katin nan kuwa ba abin wasa ba ne, da hoton mai shi a jiki, kuma sai an nuna shi ake ba mutum iri. Mutane suka bayar, don Sakatare ne. Ya zauna a tsakar gida da ƙusa 'yar inci shida da guduma, ya tsara dokarsa: mai shinkafa huji ɗaya, mai albasa biyu, mai zuwa taro a makare uku. Don aiki ya yi sauri, goma-goma yake jerawa ya buga, kuma ya zaɓi kusurwar dama ta sama don ta fi kauri.

Jummai ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu.

"Malam, nan hwa hoton mutane yake."

"Nan ɗin kwamfuta ka dubawa. Ina kika son ta gane mutum, ga ƙahwa?"

"Ni dai na hwaɗi. In sunka zo, ta tsani za su hau, ka samu lokacin gudu."

Da ya gama, ya buɗe ƙofar kwamfutar ta cikin zaure ya nemi bakin da ake sa kati. Bai ga wanda ya yi kama da na hoton littafin ba, sai ya ga wani sarari a gaban fankoki, ya jera katunan duka ɗari biyu da sha huɗu a ciki, ya rufe, ya ce ta kwana tana nazarinsu.

Ranar Alhamis da hantsi, tunda kwamfuta ba ta zuwa taro, taro ya zo wurin kwamfuta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Haliru. Shi da kansa ya jera kujerun manya daf da fankoki, wai don su sha iska. Alhaji Umar Faruk ya zauna a tsakiya cikin farar shadda sabuwa fil, da farar hula, da farin takalmi. Mujtaba ya raɓe a gefe da 'yar jakarsa. Inna Hassana ta kawo kujerarta ta tsuguno ta dasa a gaba.

Haliru ya hau kan benci ya fara jawabi. Ya yi ma'auni, ya yi agogo, ya yi kati, ya kawo kakansa da mai kamfani suna cin tuwon shinkafa a kwano ɗaya. Ya ce 'yan ƙananan da ake yayi yanzu jikoki ne, kuma jika ba ya magana in kaka na wuri.

"Haliru," in ji Alhaji, "sunaye."

"Yanzu kuwa, ranka shi daɗe."

Ya fara kunna talabijin. Ba eriya, sai ta kawo ɗigo-ɗigon nan fari da baƙi tana shuuu.

"Mi taka yi?" wani ya tambaya.

"Ƙwayar shinkafa taka ƙirgawa. Ta bana duka."

"Kai! Ashe za mu samu albarka," in ji wani tsoho daga Dalijan, ya ɗaga hannu yana godiya ga Allah.

Sannan Haliru ya yi bismilla ya haɗa wayar uwar kwamfutoci.

Fankoki shida da suka kwana uku suna jiƙe da baƙin mai suka tashi gaba ɗaya. Abin da ya fara fitowa feshi ne, lallausa, ya sauka a kan sahun manya daga hula har takalmi. Kafin Alhaji ya gama cewa innalillahi, farar shaddarsa ta koma zabuwa. Sai katunan suka biyo baya. Wasu fanka ta tauna ta tofo, wasu suka fito ɗungum suna shawagi, suna manne wa mutane a goshi da riga. Ruwan buhu ya gangara ya sami inda bai kamata ba, aka ji tas! tas! Hayaƙi mai warin ƙonannen roba ya turnuƙe zaure, janareta ya yi tari biyu ya mutu. Tsohon Dalijan da ke godiya ya riga kowa kaiwa bakin masallaci.

Can muryar Jummai ta taso daga bayan katanga: "Malam, an hidda sunayen?"

Mutane suka shiga tsintar katunansu. Inna Hassana ta goge nata da gefen zane, ta ɗaga shi sama, rana ta ratso ta wurare biyu.

"Haliru! Idanuna duka biyu ka tsone?"

"Inna, albasa kika nomawa. Albasa huji biyu ta."

"Da rogo nika nomawa halan kai za ka cire min?"

Wani ya ce shi an huda masa kunci, wani ya ce nasa rabi ya samu, rabin da ba kai. Alhaji Umar Faruk ya ɓamɓaro nasa daga kan hula, ya duba, ya ga huji uku reras a kan hancinsa.

"Uku na mi na?"

Haliru ya ce, "Na... na manyan baƙi na, ranka shi daɗe."

"Na masu makara na!" in ji Jummai, wadda yanzu ta hau tsani ta jingina haɓa a kan katanga. "Da kunnena na ji."

Ana cikin haka mai babur ya tsaya, Rumaisa ta sauko da littafin nan a hannu. Tun daga Kalgo ta taso don hankalinta bai kwanta ba. Ta dubi hayaƙi, ta dubi Alhaji, ta dubi kati mai huji a hannun kowa, ta dafe kai.

"Yaya, na ce ka tsaya. Ga shi nan shafi na tara: an bar aiki da kati mai huji ina jin tun ba ka shiga firamare ba. Wagga ko wurin sa kati ba ta da shi. Kuma na bincika wurin Abdulgani, an zare abin ajiye bayanin da ke cikinta tun kafin gwanjo, akwati na da fanka."

"Shafi na tara," in ji Alhaji a hankali, yana goge mai daga gemu. "Kai nawa ka karanta?"

"Huɗu," in ji Rumaisa.

Sai Mujtaba ya miƙe. Ya zuge jaka ya zaro takarda shida, sunaye ɗari biyu da sha huɗu a jere tsaf, ya miƙa wa Alhaji. A shagon Rumaisa ma aka fitar masa da su, ranar Talata.

Nan take Alhaji ya sa aka rubuta takardar sauke Haliru da naɗa Mujtaba. Sai idon Haliru ya yi haske, ya ga ƙofa.

"Ranka shi daɗe, doka! Takardar da ba hatimi ba takarda ba ta. Kuma ba mai bugawa sai sakatare."

"Gaskiya taka," in ji Alhaji. "Buga."

Haliru ya waiga. Mutum ɗari biyu da wani abu sun kewaye shi, kowa da katinsa mai huji, Inna Hassana na leƙensa ta cikin nata. Bayansa kuma ƙofar gidansa ce, a toshe da kilo ɗari uku da arba'in. Ya zaro jakar daga wuya, wallahi har ya ba ni tausayi. Ya yi niyyar ya buga shi a karkace, ko ya dagula tawadar don takardar ta lalace. Amma shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce. Ya gyara zama, ya hura sau biyu, ya dubi jama'a don ya tabbata suna kallo, ya sauke. Hatimin ya fito ɗas, kowane harafi a tsaye, bai taɓa buga mai kyansa ba.

"Ku diba," ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa. "Ko karkata babu."

Mujtaba ya miƙo hannu. Haliru ya ɗan riƙe igiyar kafin ya saki.

Sai da aka rushe gefen zaure aka fitar da ita, kuma Abdulgani ya ce ba ya karɓar abin da ya sha mai. Rumaisa ta yi mako guda tana sake buga katuna, Haliru na yanka mata su da almakashi, ta kuma hana shi kusantar ƙusa. Jummai ta sa aka kwantar da uwar kwamfutoci a bayan ɗaki, ta zare tarkacen cikinta, ta zuba ƙaiƙayi, kajinta suka tare.

Yanzu in ka bi ta ƙofar gidan da yamma za ka same shi a kan benci, kuma ba a kiransa Sakatare sai in ana so a ga ya waiga. Ran nan Mujtaba ya zo wucewa da 'yar jakar kwamfutarsa, hatimi a aljihu ko jakar baduku babu, Haliru ya ɗaga murya.

"Mujtaba! Taka ƙwai nawa taka yi a rana? Tawa bakwai!"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan hannunsa ya tafi ƙirji da kansa, ya laluba, bai sami komai ba sai maɓallin riga, ya tsaya yana murza shi har Mujtaba ya sha kwana.